Darasin tarbiyya, zamantakewa da lafiya a makarantun Ingila

Darasin tarbiyya, zamantakewa da lafiya, wanda aka fi sani da PSHE, darasi ne da ake koyarwa a makarantun firamare da sakandare na Ingila. Ya ƙunshi kula da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, balaga, illar sigari da giya da miyagun ƙwayoyi, zama da mutane, da riƙon kuɗi. Ba a zana jarrabawar ƙasa a kansa.

Tarihi

Tun wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 makarantu ke taɓa irin wannan darasi, kowace da salonta. Dokar gyaran ilimi ta 1988 ta ɗora musu nauyin shirya ɗalibai domin rayuwarsu idan sun girma, amma ba ta wajabta darasin ba. Jagorar da ta zo da manhajar 2000 ita ma shawara ce kawai. A 2008 gwamnatin jam'iyyar Labour ta ce za ta mayar da shi dole, wani shugaban makaranta, Sir Alasdair Macdonald, ya miƙa rahoto a kai a 2009, sai ga shi an cire sashen daga ƙudurin doka ana dab da zaɓen 2010. Haka darasin ya ci gaba da zama ɗan bora a jadawali, sau da yawa a hannun malamin da bai samu horo a kansa ba. Hukumar sa ido kan makarantu, Ofsted, ta duba makarantu 50 a rahotonta na 2013, ta ce a kashi 40 cikin ɗari koyarwar ba ta kai yadda ake so ba.

Sai da wata doka ta 2017 ta buɗe hanyar wajabta wasu sassan darasin, sannan daga Satumban 2020 ilimin mu'amala ya zama dole, ilimin lafiya kuma dole a makarantun gwamnati.

Amfani

Ɗan firamare yana koyon yadda zai kira lambar gaggawa ta 999 ya faɗi abin da ya faru, ɗan sakandare kuma yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Hujja mafi ƙarfi dai ita ce kare yara: yaron da ya san irin taɓawar da ba ta dace ba, ya kuma san wanda zai gaya wa, ya fi wuyar cutarwa.

Saɓani

A 2019 wasu iyaye a Birmingham sun yi zanga-zanga kan darussan da suka ambaci auren jinsi. Iyaye na da ikon janye yaro daga ilimin jima'i, ban da na mu'amala da na lafiya.