Gefe mai kaifi da gefe mai laushi a zanen fentin ruwa

A zanen fentin ruwa, wanda ƴan boko a Nijar suka fi sani da akwarel, gefe shi ne iyakar da launi ɗaya ya tsaya wani ya ɗauka, ko inda fenti ya ƙare farar takarda ta ci gaba. Idan iyakar ta fito tsaf kamar yankan reza, gefe ne mai kaifi. Idan launin ya narke cikin maƙwabcinsa har ido ya kasa nuna inda ya tsaya, gefe ne mai laushi. Akwai kuma kakkaryayyen gefe, wanda burushi maras ruwa sosai ke bari a kan takarda mai kaushi, da ɓataccen gefe, inda abubuwa biyu masu duhu ɗaya suka haɗu suka zama guda. Yawan ruwan da ke kan takarda a lokacin da burushi ya taɓa ta shi ke yanke irin gefen da zai fito. Shi ya sa mai zane a fili yake hannun iska da rana fiye da wanda ke cikin ɗaki.

Yadda ruwa ke yin gefe

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, wato ƙaron itacen ɗakwara da ke tsirowa a Sahel tun daga Senegal har Sudan. Ruwa ke ɗaukar garin ya shimfiɗa shi, idan ya bushe ƙaro ya riƙe shi.

A kan busasshiyar takarda fenti ba ya wuce inda aka sa shi. Bakin wurin ne ke fara bushewa, sai ruwan tsakiya ya riƙa gangarowa can yana jan garin launi, daga ƙarshe a sami siririn layi mai duhu kewaye da tabon. Duk wanda ya ga ɗigon shayi ya bushe a kan faranti ya san wannan zobe. Masana kimiyya na jami'ar Shikago sun bayyana dalilinsa a 1997.

Jiƙaƙƙiyar takarda kuwa tana da matakai, kuma a nan gwaninta take. Yayin da take ƙyalli, fenti yana bazuwa yadda ya ga dama. Wannan ya dace da sararin sama da gajimare. Da ƙyallin ya fara dusashewa, fenti mai kauri yana zama inda aka ajiye shi amma bakinsa ya yi laushi. Lokaci ne gajere, kuma shi ake farauta. Bayansa sai mataki mai haɗari: takarda ta yi kamar ta bushe alhali da sauran danshi. Idan burushi mai ruwa ya taɓa ta a nan, sabon ruwan zai ture garin da ya fara kwanciya, ya bar tabo mai baki kamar haƙoran zarto, wanda masu zane ke kira fure. Ana gwadawa da bayan hannu. Muddin takarda na da sanyi, ba ta gama bushewa ba.

Abin da ido ke gani a fili

Ido yana zuwa da kansa inda gefe ya fi kaifi kuma haske da duhu suka fi bambanta. Zanen da kowane gefensa ke da kaifi yakan yi kama da guntayen takarda da aka manna, wanda kuma komai nasa ya narke ba shi da wurin da ido zai sauka. Mai zane yakan zaɓi wuri ɗaya ko biyu ya ba su kaifi, sauran ya sassauta.

Unguwar Birni a Damagaram ta isa misali. Manyan duwatsun da ke tsakanin gidaje mulmulallu ne, don haka haske yana juyawa a jikinsu sannu a hankali: inuwar jikin dutse gefenta mai laushi ne, amma inda dutsen ya yanki sama, ko inda ya tsage, kaifi ne. Katangar ƙasa da aka shafe da hannu ba ta da kusurwa irin ta bulo, gefenta yana tsaka-tsaki, kuma mai zanen da ya ja shi da kaifin siminti ya mayar da gidan wani abu dabam. Zankwayen soro da zayyanar da ke fuskar zaure su ne ke neman bakin burushi mai tsini a kan busasshiyar takarda. Haka jar rigar dogari a ƙofar fadar Sarkin Damagaram: idan aka sa jan kafin katangar bayansa ta bushe, zai malale cikinta, mutumin ya ɓace.

Inuwar da abu ke jefawa tana da tata ƙa'ida. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama kusan rabin digiri ne, saboda haka bakin inuwa yana ƙara laushi da kusan santimita ɗaya a kowace mita ta tazara tsakanin abu da inda inuwarsa ta faɗa. Inuwar indararo a jikin katanga tana da kaifi a gindi, ta ɗan sassauta a ƙarshe. Inuwar hasumiyar masallaci a ƙasa kuwa, kanta ya fi gindinta laushi ƙwarai. Inuwa kuma ba ta jira, don rana na tafiya digiri 15 a awa guda. Yawancin masu zane a fili sukan shata bakin inuwa da fensir tun farko, su tsaya a kansa ko da ta gusa.

Yanayin Damagaram

Littattafan koyon akwarel galibi an rubuta su ne a ƙasashe masu laima, inda takarda ke daɗewa a jiƙe. A Damagaram ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Da rani danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. A irin wannan iska gefe mai kaifi kyauta ne. Kafin burushi ya koma ya ɗebo fenti, layin farko ya riga ya kafe, sai sararin sama ya fito da zara-zaran layuka.

Abin da ya sa lamarin ya zama da wuya shi ne lokacin da iska ta fi bushewa shi ne lokacin da gari ya fi buƙatar laushi. Da hunturu hazo yana cinye nesa. Dutsen da ke can bayan gari ya zama inuwa fara-fara, itacen gawo, wanda ganyensa ke fitowa da rani, ya koma tabo maras baki, rana kanta ta zama farin faifai, inuwoyi su dusashe. A sararin da ba ƙura nesa takan karkata zuwa shuɗi, amma cikin hazo tana karkata zuwa fari da ruwan ƙasa, kuma wanda ya bi littafi ya zuba shuɗi ya zana wata ƙasa ce. Da damina abin ya juye: takarda na jinkirin bushewa, bayan ruwa kuma sama ta wanke, komai ya fito da kaifi har nesa.

Dabarun riƙe ruwa

Takardar auduga mai nauyin giram 300 a murabba'in mita ta fi ta niƙaƙƙen itace riƙe danshi, kuma ita ce babbar dabara. Wasu sukan jiƙa bayanta su kwantar da ita a kan allon roba, ta yadda danshi ke tasowa daga ƙasa. Ana kwaɓa fenti da yawa tun kafin a fara, a yi aiki da babban burushi mai shan ruwa irin na gashin kurege, a karkata allo kaɗan don ruwa ya taru a bakin layi ya hana shi kafewa. Kwalbar feshi tana maido da ƙyalli. Ɗigon ƙaro, zuma ko gilisarin a ruwan kwaɓi yana jinkirta bushewa, sai dai zuma na kiran ƙudaje. Ƙaramar takarda ta fi babba sauƙin sarrafawa, inuwar bedi ta fi tsakar rana, safiya kuma ta fi kowane lokaci. Ƙurar da iska ke zubawa kan jiƙaƙƙen fenti a bar ta ta bushe tukuna a kaɗe. Goge ta da ɗanye ɓarna ne.

Don sassauta gefe, ana riƙe burushi na biyu mai tsabta, an matse ruwansa a tsumma, a bi bakin fentin da shi nan take. Idan gefen ya riga ya bushe, ana iya jiƙa shi a ɗan cuɗa a ɗauke da tsumma. Launukan ƙasa irin okar da siyena suna ɗaguwa da sauƙi, haka shuɗin ultramarin, amma shuɗin ftalo yana rina takarda kamar baba, ba ya fita. Ruwan roba da ake shafawa don kare farin takarda yana barin gefe mafi kaifi duka, kuma a zafin bazara yakan manne har ya ɓare fuskar takarda idan ya daɗe.

Tarihi a taƙaice

Zane a fili da fentin ruwa ya yaɗu ne da kayan aiki suka zama na aljihu. William Reeves ya fito da busassun dunƙulen fenti a Landan wajen 1781, kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a 1832 ya biyo da fenti mai taushi a ƴan ƙananan kwanoni. Turner na Ingila (1775–1851) ya shahara da narkar da sama cikin ruwa a jiƙaƙƙiyar takarda, sannan ya kankare haske da farce ko wuƙa. John Singer Sargent (1856–1925) yakan shafa kakin zuma inda yake son fenti ya tsallake, ya sami kakkaryayyen gefe. Delacroix ya cika littattafan aljihu da akwarel a tafiyarsa ta Maroko a 1832, Paul Klee ya yi nasa a Tunisiya a 1914, inda ya jera launuka gida-gida, wasu bakinsu tsaf, wasu sun ɗan shiga juna.