Ba duk faɗuwar ganganci ba ce "sayar da wasa"

Da zarar wata gasa ta kai wasannin ƙarshe na matakin rukuni, babu furucin da ya fi yawo a gidajen kallon ƙwallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo kamar "an sayar da wasa". Mai tsaron gida ya yi kuskure, an sayar da wasa; koci ya ajiye manyan 'yan wasansa a benci, an sayar da wasa. Abin da ke damuna shi ne yadda masu sharhi suke cusa abubuwa mabambanta cikin furuci ɗaya, har mai sauraro ya kasa gane wanda ya kamata a tuhuma.

Sayarwa ciniki ce, kuma ciniki ba ya yiwuwa sai da mai saye da farashi. Idan ɗan wasa ko alƙalin wasa ya karɓi kuɗi daga 'yan caca ko daga wata ƙungiya domin ya karkatar da sakamako, wannan shi ne sayar da wasa, kuma babu mai kare shi. Ƙaninsa shi ne haɗin baki, irin wanda ya sa aka tashi 79 da nema da kuma 67 da nema a wasanni biyu na neman hawa mataki na gaba a Bauchi a 2013, lamarin da ya kai hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ga dakatar da 'yan wasan har abada.

Abin da ya faru a wasan badminton (wanda ake buga 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu ta saman raga) na mata 'yan bibbiyu a gasar Olamfik ta Landan a 2012 daban yake. A shekarar ce aka fara amfani da matakin rukuni maimakon sili-ɗaya-ƙwale tun daga farko. Sai 'yan Denmark suka yi ba-zata suka doke Tian Qing da Zhao Yunlei na ƙasar Sin, wanda ya sa waɗannan biyun suka ƙare a matsayi na biyu a rukuninsu. Daga nan lissafi ya juye: idan Wang Xiaoli da Yu Yang, su ma 'yan Sin, suka ci wasansu na ƙarshe, za su faɗa ɓangare ɗaya da 'yan ƙasarsu, su haɗu kafin wasan ƙarshe, ƙasar ta rasa damar haɗa zinare da azurfa. Abokan karawarsu 'yan Koriya ta Kudu su ma sun iya wannan lissafi. Ranar 31 ga Yuli, a zauren Wembley, 'yan kallon da suka biya kuɗin tikiti suka ga zakarun duniya suna buga ƙwallo cikin raga da gangan, suna cilla ta waje, har ya zama a zagayen farko ba a taɓa yin musayar bugu sama da huɗu ba. Jama'a suka yi ta yi musu ihu, babban alƙalin gasar ya shigo fili ya yi gargaɗi. Jim kaɗan sai wasu 'yan Koriyar biyu da 'yan Indunisiya suka maimaita irin wannan abin kunya. Washegari hukumar badminton ta duniya ta kori mutum takwas ɗin bisa laifin ƙin yin iyakar ƙoƙarinsu da zubar da mutuncin wasan.

Babu wanda ya saya, babu wanda ya sayar. Waɗannan mata lambar yabo suke nema, kuma tsarin gasar ne ya nuna musu cewa hanyarta ta bi ta faɗuwa. Ban wanke su ba, domin ɗan kallo yana da haƙƙin ganin gwagwarmaya ta gaskiya, kuma sun tauye masa shi a gaban idonsa. Amma a ganina kaso mafi girma na laifin yana kan wanda ya zana jadawalin da cin wasa yake zama hasara a cikinsa. Hukumar da kanta ta tabbatar da haka a aikace, tunda a gasar Rio ta 2016 sai da aka sake jefa ƙuri'a bayan matakin rukuni, domin kada kowa ya san wanda zai tarar a gaba.

Haka aka yi a ƙwallon ƙafa. A Gijón ta ƙasar Sifaniya, a gasar cin kofin duniya ta 1982, Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya ƙwallo ɗaya da wuri, sannan duka ɓangarorin suka daina kai hari na a-zo-a-gani, saboda Aljeriya, wadda take rukuni ɗaya da su, ta riga ta buga nata wasan kwana ɗaya kafin nan, kuma kowa ya san sakamakon da zai fitar da ita, su biyun su wuce. Ba a hukunta kowa ba; gyaran da aka yi shi ne buga wasannin ƙarshe na kowane rukuni a lokaci guda. Tsoron irin wannan yana cikin abin da ya sa FIFA ta janye shirinta na rukunoni masu ƙasashe uku-uku a gasar cin kofin duniya ta 2026, ta koma goma sha biyu masu huɗu-huɗu. Sai dai ƙofar ba ta rufu duka ba, domin ƙasashe takwas daga cikin waɗanda suka zo na uku suna wucewa, wanda ke nufin rukunonin da suke bugawa daga baya suna shiga fili da sanin adadin makin da zai ishe su.