Manaja, darakta ko ciyaman: wanne ya dace da mai riƙe da wuri?

A Hausa kalmar shugaba ta wadatar da mu, daga na makaranta har na ƙasa. Rikicin yana tasowa ne ranar da ɗan kasuwar Dole ta Damagaram zai rubuta wa wani kamfani na Kano ko Legas takarda da Ingilishi, ko matashi zai cika takardar neman aiki a wata ƙungiyar agaji. Yawancinmu a Damagaram Faransanci muka yi a lakwal, sai mu ɗauko kalmar Faransanci mu sa mata rigar Ingilishi, alhali kama da wane ba ta wane.

"Manager", wato manaja, shi ne mai tafiyar da aikin yau da kullum: ya raba wa ma'aikata aiki, ya sa hannu a kan kaya, ya ba da lissafi ga na sama da shi. "Director" ya fi shi nauyi. A kamfani, darakta yakan kasance ɗaya daga cikin ƴan majalisar da ke yanke manyan shawarwari, ko kuma mai riƙe da babban sashe. To, Faransanci yana raba "directeur" ga kowa da kowa. Wanda muke kira "directeur d'agence" a banki, da Ingilishi "branch manager" ne, ba darakta ba. Shi kuwa "directeur général", irin wanda ke kan SORAZ, matatar man da ta fara aiki a 2011, za a ce masa "managing director" ko "general manager", gwargwadon tsarin kamfanin. "Chairman" shi ke jagorantar zaman majalisar daraktoci, ba lalle ya san abin da ya shiga sito jiya ba. Amma da ka tsallaka Maigatari ka shiga Najeriya, ciyaman na nufin shugaban ƙaramar hukuma, kusan matsayin magajin gari a wajenmu.

Kalmomi uku ne suka fi ba da kunya, kuma a ganina su ya kamata a fara haddacewa. "Chef" da Ingilishi babban mai dafa abinci ne. Wanda ya rubuta cewa yana son ganin "the chef", kicin ya nufa. "Chef de service" ɗinmu "head of department" ne ko "head of unit". "Patron" kuma da Ingilishi mai zuwa sayayya ne, ko uban ƙungiya da ke tallafa mata da kuɗi da suna. Maigida da ke biyan ka albashi, wanda muke ce wa "patron" da Faransanci, "boss" ne, sai dai wannan kalmar baki ce, kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa oga; ba a sa ta a kan takarda. Ta ukun ita ce "responsable". Ingilishi ba ya cewa "the responsible" ya tsaya, kuma "responsible for" sau da yawa ɗora laifi ne, a ce wane ne ya jawo ɓarnar. In ba ka san muƙamin mutum ba, "the person in charge" ta isa.

"Supervisor" ƙaramin muƙami ne, mai sa ido kan masu aiki kai tsaye. Haka ma ake kiran malamin da ke duba kundin ɗalibi.

Makarantu suna da nasu salon. Shugaban firamare "head teacher" ne ko hedimasta, "proviseur" na lise, wato babbar sakandare, kuma "principal". Shugaban Jami'ar André Salifou ta Damagaram "recteur" muke ce masa, amma takwaransa na Jami'ar Bayero "vice-chancellor" ne. Kada "vice" ɗin ta ruɗe ka, shi ne mai cikakken iko. "Chancellor" kujerar girmamawa ce, galibi ana ba wani sarki. A Najeriya "rector" shugaban foliteknik ne, "provost" kuma na kwalejin horar da malamai.

Saura "chief". Idan ta zo gaban wata kalma, kamar "chief accountant", babba take nufi a wannan fanni. Ita kaɗai kuwa sarauta ce, kuma ba ta kai ta babban sarki ba. Mai martaba Sarkin Damagaram "Sultan" ne a Ingilishi, kamar na Sakkwato da na Agadas, na Kano da na Daura kuma "Emir".