Dokar Hayar Mahaifa Tsakanin Ƙasashe

Hayar mahaifa ita ce mace ta ɗauki ciki a madadin wasu, bisa yarjejeniyar za ta miƙa musu jaririn bayan haihuwa, su kuma su biya ta. Galibi likita ne ke haɗa ƙwan matar gida, ko na wata, da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifar wadda aka ɗauka haya. Idan masu neman haihuwar suna wata ƙasa, mai cikin kuma tana wata, dokoki biyu ne ke haɗuwa a kan jariri ɗaya, kuma sau da yawa suna cin karo. Har yau babu yarjejeniyar duniya da ta tsara wannan harka.

Wace ce uwa?

A nan rigimar take. A Birtaniya wadda ta haihu ita ce uwa a idon doka, ko da ƙwan ba nata ba ne. Masu neman ɗan sai sun je kotu a mayar musu da iyayentaka, kuma amincewar mai cikin ba ta da ƙarfi sai an yi mako shida da haihuwa. A Yukren kuwa sunan ma'auratan ake rubutawa a takardar haihuwa kai tsaye. Ke nan jaririn da aka haifa a Kiyef don 'yan Ingila, ƙasar da aka haife shi ta ce ɗan baƙi ne, ƙasar iyayen ta ce ɗan wadda ta haife shi ne. Kafin a warware, ba shi da fasfo.

An ga irin haka a Indiya a 2008, lokacin da wasu ma'aurata 'yan Japan suka rabu kafin a haifi jaririyar da aka sani da Manji; ta yi watanni ba ta da takardar fita. Faransa, wadda dokarta ba ta amince da irin wannan kwantiragi ba, ta ƙi yi wa tagwayen iyalin Mennesson rajista bayan an haife su a Kalifoniya, sai da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a 2014 an tauye wa yaran haƙƙi. Italiya ta wuce nan: tun 2024 ɗan ƙasar da ya je waje ya yi hayar mahaifa ya aikata laifi a gida.

Kasuwa mai ƙaura

Indiya ce cibiyar harkar na sama da shekara goma, musamman garin Anand na jihar Gujarat, kafin ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, sannan dokar 2021 ta hana biyan ladan ɗaukar ciki baki ɗaya. Tailan ta hana baƙi a 2015, bayan wata mata da aka ɗauki hayar mahaifarta ta rage da jariri Gammy mai lalurar galahanga, 'yan Ostireliyan da suka ɗauke ta haya sun tafi da 'yar tagwaicinsa. Nepal da Kambodiya suka biyo baya, Rasha ma ta hana baƙi a 2022. Kowane hani bai kashe cinikin ba. Dillalai kan kwashe kayansu ne su koma inda doka ba ta ce komai ba.

Nijeriya da Legas

Nijeriya na cikin wuraren da doka ba ta ce komai ba. Babu dokar tarayya da ta halasta ko ta haramta hayar mahaifa, kuma ƙudurorin da aka kai Majalisar Tarayya ba su zama doka ba. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin asibitocin taimakon haihuwa a 2019, hukumar HEFAMAA mai tantance asibitocin jihar ke sa ido a kansu, amma ƙa'idar asibiti ba ta yanke hukuncin nasaba. Abin da ya rage shi ne takardar da lauya ya rubuta, wadda yawanci ɓangaren masu kuɗi ne suka biya shi. A gefe guda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana saye da sayar da yaro, dokar fataucin mutane ta 2015 kuma ta ba hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ikon kame. Tazarar da ke tsakanin "ladan ɗaukar ciki" da "kuɗin jariri" siririya ce, shi ya sa gidajen da ake tara 'yan mata suna haihuwa ana sayarwa ke fakewa da sunan hayar mahaifa. Afirka ta Kudu ta kauce wa wannan: Babbar Kotu ce ke amincewa da yarjejeniya kafin a yi dashe, kuma an hana riba.

'Yan Nijeriya mazauna Turai da Amurka na cikin masu zuwa Legas, saboda sauƙin kuɗi. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba ta ɗaure ofishin jakadancin wata ƙasa. Yana iya neman gwajin jini da shaidar amincewar mai cikin.

A fiƙihu

Ga Hausawan unguwannin Legas irin su Agege, Idi-Araba ko Obalende, tambayar kan fara zuwa gaban malami kafin lauya. Majalisar Fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda a 1984 a dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta, sai ta janye a 1985, saboda kishiyar na iya ɗaukar nata cikin daga mijin, nasaba ta cakuɗe. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta haramta shi. Malaman Sunna kan kafa hujja da aya ta biyu ta Suratul Mujadala, wadda ta ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. Daga nan maganar gado da muharramaka take tasowa. A Iran kuwa wasu manyan malaman Shi'a sun halasta, asibitoci na yi a fili.