Wankin haƙori a asibiti ba shi ke kawo girgiɗi ba

An daɗe ana cewa wai idan likita ya kankare maka haƙora, za su fara girgiɗi, har wushiryar da ba ka da ita ta bayyana. Masu faɗar haka sun ga wani abu da idonsu, fassarar ce suka kuskure.

Dauɗar da ta daɗe a gindin haƙori takan ƙanƙare kamar dutse, asuwaki da burushi ba sa iya cire ta. Ƙwayoyin cuta su samu mafaka, dasashi ya kumbura yana jini, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya riƙa zaizayewa a hankali, galibi ba zafi. Ramin da ke tsakanin lafiyayyen dasashi da haƙori bai wuce milimita 3 ba. Idan ya zarce haka, likita kan shiga ƙarƙashin dasashi ya kankare har saiwa.

Da an cire dauɗar, kumburi ya saɓe, sai ɓarnar da ta ɓoye ta fito fili. Ita ake ɗora wa likita, bawan Allah.

Wankin yana rage jini da kumburi, yana taka wa cutar birki, amma ba ya dawo da ƙashin da ya tafi. Haƙora kan yi tsami idan ruwan sanyi ya taɓa su, na ɗan lokaci.