Labarin hotunan 'yan tsana

Labarin hotunan 'yan tsana nau'i ne na labari cikin hotuna wanda ba a zana shi da alƙalami. Mai shi yakan tsayar da 'yan tsana ko ƙananan mutum-mutumin roba na wasan yara, ya ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, ya jera hotunan gida-gida a shafi kamar gidajen dara, sannan ya rubuta maganar kowa cikin kumfa kusa da bakinsa. Galibi masu sha'awa ne ke yin sa a gida, suna sakin sa kashi-kashi a intanet. Ya fi jan hankalin wanda ke da labari a ka amma hannunsa bai faɗa a zane ba.

Asali

Tushensa na komawa Italiya. A 1947 aka fara buga mujallun soyayya a can waɗanda hotunan mutane na gaske suka maye gurbin zane a cikinsu, daga nan abin ya bazu zuwa Faransa da Sifaniya da Latin Amurka. Italiyawa na kiran labaran hotuna fumetti, wato ɗan hayaƙi, saboda kumfar magana ta yi kama da hayaƙin da ke fita daga baki.

Najeriya ta san wannan salo tun da daɗewa. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin Drum ya riƙa fitar da mujallar African Film, mai ɗauke da jarumin nan Lance Spearman, kuma ta samu karɓuwa sosai a Legas da sauran biranen ƙasar. A ƙarshen shekarun 1960 ne kuma aka fara buga Atoka a Legas, mujallar wasan kwaikwayo cikin hotuna da harshen Yarabanci. Duk waɗannan da 'yan wasa masu rai aka yi su.

Shigowar 'yan tsana sai da ta jira abubuwa biyu: roba mai gaɓoɓi, da kyamara mai araha. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, sojan roba mai tsawon inci 12 wanda gwiwarsa da gwiwar hannunsa ke lanƙwasuwa. Kamfanin Lego na Denmak ya fito da ƙananan mutanensa masu tsawon kusan santimita 4 a 1978. Mujallar ToyFare, wadda ta fara fita a Amurka a 1997, ta shahara da shafukan barkwanci da ake haɗawa da tsoffin 'yan tsanan kamfanin Mego na shekarun 1970. Da intanet ta yaɗu, sai ɗaiɗaikun mutane suka karɓi ragama. David Morgan-Mar, mutumin Ostareliya, ya fara nasa jerin da mutanen Lego a ƙarshen 2002. Bernie Hou ya fara nasa a 2004, inda ya mai da dodanni biyu na fina-finan Amurka abokan zaman ɗaki ɗaya a birnin New York.

Fuskar da ba ta motsi

Babbar matsalar wannan fasaha, wadda kuma daga gare ta duk dabarunta suka fito, ita ce galibi fuskar 'yar tsana ɗaya ce tak. Yadda kamfani ya ƙera ta tana murmushi, haka za ta yi ta murmushi ko a gidan makoki aka ajiye ta. Mai zane yana da ikon ɗaga gira ko murtuke fuska. Mai hoto ba shi da wannan, don haka dole ya nemo fushi da tsoro da kunya a wani wurin.

Wuri na farko shi ne tsayuwar jiki. Kai a sunkuye da kafaɗu a zube sun isa su nuna nadama. Juya baya yana nuna fushi fiye da kowace fuska. A labarin Hausa abin ya ma zo da sauƙi, domin al'adar cike take da maganar jiki: yaro ya durƙusa gaban babba, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, suruki ya kau da kai. 'Yar tsanar da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa ba za ta iya gaida surukarta ba, shi ya sa masu wannan aiki ke duba yawan gaɓoɓi kafin kyan fuska idan za su saya.

Na biyu shi ne inda aka ajiye kyamara. Kuskuren sabon shiga shi ne ɗaukar hoto daga tsaye, yadda babba ke kallon kayan wasa a ƙasa, sai komai ya fito a matsayinsa na roba. Idan aka sauke wayar daidai idon 'yar tsana, ko da kuwa sai an kwanta rub da ciki, nan take za ta koma mutum. Daga ƙasa kaɗan tana yin kwarjini, daga sama kaɗan tana zama abar tausayi. Haske shi ne na uku: fitila daga gefe guda tana jefa rabin fuska cikin duhu, sai murmushin nan na kamfani ya koma na mugunta.

Akwai masu barin fuskar a yadda take da gangan, su ci ribar saɓanin. Sojan roba mai ɗaurarriyar fuska yana cewa, "Hajiya, don Allah a ƙara mini kwana biyu, wallahi albashi bai shigo ba," ya fi ban dariya fiye da a ce an gyara masa fuskar ta dace da roƙon. Wannan ne ya sa barkwanci ya fi yawa a cikin nau'in.

Ma'auni da kayan fage

Ana auna 'yan tsana da girman mutum. Mai ma'aunin 1:6, wato kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum, tana kai kimanin santimita 30, mai 1:12 kimanin 15, mai 1:18 kuwa kusan 10. Duk abin da zai shiga hoto sai ya bi ma'auni ɗaya. Ƙofa mai tsawon mita 2, misali, takan koma kusan santimita 17 a ma'aunin 1:12. Ana yin bango da kwali, kwanon rufi da gwangwanin da aka buɗe, hayaƙi da turaren wuta ko auduga. Mai tsalle ko faɗuwa ana rataye shi da zaren fatsa, daga baya a goge zaren a manhaja.

Tufafi ne ke tona asiri. Furen atamfa da ya yi daidai a jikin mace, a jikin 'yar tsana ɗaya tal zai cinye zanen gaba ɗaya, don haka sai an nemi yadi mai ƙananan zane. Shadda kuma kauri gare ta, babbar rigar da aka ɗinka da ita sai ta tsaya ƙiƙam kamar laima. Yadi mai laushi ya fi zubowa.

A Legas

Bahaushen Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 da ke son gwadawa ba zai rasa kayan aiki ba. Ana samun sabbin kayan wasa a kasuwannin Balogun da Idumota, na gwanjo a kasuwar Katangowa, mariƙin waya mai ƙafa uku da fitilun caji kuma a Computer Village da ke Ikeja. Ƙyallaye kuwa, telan unguwa sharewa yake yi ya zubar.

Abin da ke wuya shi ne samun 'yar tsana mai kama da mutanen gida, domin yawancin na kasuwa fararen fata ne ko jaruman fina-finan waje. Wannan giɓi ne ya sa Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a Legas a 2007, baƙaƙen 'yan tsana sanye da kayan gida, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Haneefah Adam, 'yar Ilori, ta yi suna da shafin Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa 'yar tsanar nan Barbie hijabi da dogayen riguna tana ɗaukar ta hoto. Nata ba labari ba ne mai kumfar magana, amma ya nuna abin da allura da zare ke iya yi wa 'yar tsanar kanti.

Yanayin garin na da nasa hukunci. Laimar iska takan sa kwali ya yi laushi ya fara fumfuna, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Ɗauke wuta kuma kan sa fage ɗaya ya fito da haske iri biyu idan an fara shi da lantarki aka ƙarasa da tocila, shi ya sa ya fi kyau a dogara da fitilar caji tun daga farko. Mai neman haɗuwa da 'yan'uwansa masu labaran hotuna yana da taron Lagos Comic Con, wanda aka fara a 2012.

Rubutu da fitarwa

Ana saka kumfa da manhajoji irin su GIMP da Canva da ibisPaint. Dokar ita ce wanda ya fara magana kumfarsa ta zo sama ko hagu, kuma tun wajen ɗaukar hoto ake barin fili a saman kawuna. Marubucin Hausa yana da ƙarin ciwon kai: yawancin salon haruffan da aka ƙera don irin wannan aiki ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka ga akwatin banza ya fito a gurbinsu, ko kuma a yar da lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa. Gwada haruffan tun kafin a fara jerin ya fi sauƙi a kan sake shafi talatin. Da yake a waya ake karantawa, ta Facebook da Instagram da WhatsApp, gida huɗu zuwa shida a kowane kashi ya fi karantuwa.

Addini da haƙƙin mallaka

Tambayar halaccin mutum-mutumi takan taso tsakanin Musulmi. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasa da 'yan tsana, shi ne hujjar malaman da suka sassauta kan kayan wasan yara. Sun dai saɓa kan masu cikakkiyar surar mutum, da kuma babba ya ajiye su. Wasu kan kauce wa saɓanin ta hanyar amfani da 'yan tsanan ƙyalle ko na kara marasa fuska, irin waɗanda 'yan matan ƙasar Hausa suka saba yi.

Ta fuskar doka, hoton na wanda ya ɗauka ne, amma surar jarumin da sunansa na kamfanin da ya ƙirƙire shi ne. Najeriya na aiki da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Wanda ke da niyyar buga jerinsa a maɗaba'un Shomolu ya sayar, ya fi masa kwanciyar hankali ya yi aiki da 'yan tsanan da ya ƙera ko ya sauya musu kama da suna.