Ziyarar Gidan Tarihi da Halittu na Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake haɗa tarihin mutane da na halittu a gida ɗaya?

Domin a ƙaramin gari ba sa rabuwa. Irin ƙasar wurin ce ta nuna wa manoma abin da za su shuka, yumɓun bakin kogi shi ya samar da maginan tukwane, dutsen da aka fasa a bayan gari kuma da shi aka ɗora tsofaffin gine-gine. Shi ya sa nake ba mai ziyara shawarar ya fara da sashen duwatsu da tsirrai, domin idan ya isa wurin kayan sana'a zai gane inda suka samo asali.

Me ya fi cancantar a tsaya a duba?

Ƙaramar takardar bayanin da ke gefen kowane abu, wadda yawancin mutane ke wucewa. A gidajen tarihi da yawa za a ga lamba irin 1987.14.3, ma'anarta an karɓi kayan a shekarar 1987, su ne rukuni na 14 da ya shigo a shekarar, wannan kuma shi ne abu na 3 a cikinsu. Haka ma busasshen ganyen da aka manna a takarda, da kwanan wata da wurin da aka tsinko shi rubuce da hannu a ƙasansa: shaida ce cewa tsiron ya taɓa rayuwa a wurin, ko da yau gidaje sun cinye filin. Wannan ne, a ganina, babbar dukiyar irin waɗannan gidaje.

Don me ake hana taɓa kaya?

Gumi da maiƙon hannu suna cin ƙarfe, suna ɓata takarda. Akwai kuma haɗari ga mai taɓawar, domin har cikin ƙarni na 20 ana shafa wa fatun tsuntsaye da dabbobin da ake nunawa gubar asenik don korar ƙwari, kuma gubar ba ta gushewa.

Me ya sa wasu ɗakunan ke da duhu?

Haske yana kashe launin tufafi da tawada, ɓarnarsa kuma taruwa take yi, ba ta gyaruwa. Don haka ake tsayar da shi a wajen luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a kan irin waɗannan kayan.

Yaushe ya dace a je?

A fara tambayar lokutan buɗewa, domin sau da yawa 'yan sa-kai ne ke riƙe da gidan. Ranar 18 ga Mayu, wadda aka ware tun 1977 domin bikin gidajen tarihi na duniya, wasu sukan shirya zagaye na musamman.